Yadda Ake Yi da Baƙon da Ya Turo Maka Kod Yana Neman Taimako

Ƙarfe sha ɗaya na dare waya ta yi ƙara. Suna ne wanda ba ka taɓa gani ba, hoton kuma ba fuskar mutum ba ce. "Ranka ya daɗe, barka da dare. Na ga kana rubuta manhaja. Don Allah ka taimaka mini, kod ɗina ya ƙi aiki, kuma gobe da safe zan miƙa shi." A ƙarƙashin saƙon ga wani fayil na zip a maƙale, babu ko kalma ɗaya kan abin da ke ciki.

Duk wanda ya taɓa ɗora aikinsa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ko ya amsa wa wani tambaya a bainar jama'a, ko ma dai ya rubuta a shafinsa na LinkedIn cewa ya iya harshen rubuta manhaja na Python, irin wannan saƙo yana nan tafe gare shi. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin da ya fitar da manhajar curl, mai aikawa da karɓar bayanai ta intanet, a 1998, ya sha ba da labarin yadda mutane ke aiko masa da imel kan matsalar motarsu, don kawai adireshinsa yana cikin bayanin lasisin curl da ke fitowa a allon motar, tunda motar na amfani da ita. Su dai sun ga suna da adireshi, sai suka ɗauka sun sami mai gyara.

Ni ina cikin masu ganin a taimaka. Babu wanda ya koyi wannan sana'a shi kaɗai. Kowannenmu akwai ranar da wani wanda bai san shi ba ya tsaya ya nuna masa inda ya bar baka-biyu a buɗe. Sai dai akwai abu biyu da suke naka, kuma babu mai tsare maka su in ba kai ba: kwamfutarka da lokacinka. Hanyar da na daɗe ina bi ta tsayu ne a kan abu guda, wato mai tambaya ya fara yin nasa ɓangaren aikin kafin kai ka ɗaga yatsa.

Mataki na ɗaya: karanta, ka ajiye

Kada ka buɗe fayil ɗin, kada ka latsa wani mahaɗi, kada kuma ka amsa a daren. Gaggawar da ke cikin saƙon tasa ce, ba kai ka sa masa ranar miƙa aiki ba. Wanda ya amsa cikin minti biyu ya koya wa mai tambaya cewa ƙofarsa a buɗe take dare da rana, kuma saƙo na biyu da wannan tsammanin zai zo. Ban da haka, gaggawa ita ce babban makamin ɗan damfara, domin mai sauri ba ya duba abin da yake latsawa.

In gari ya waye sai ka sake karantawa a natse, ka tambayi kanka wane irin mutum ne wannan. A abin da na gani, masu irin wannan saƙo ba sa wuce kashi biyar. Akwai ɗan koyo na gaskiya wanda ya yi ƙoƙari ya maƙale, shi ne ya fi cancantar lokacinka. Akwai ɗalibin da ke neman wanda zai yi masa aikin makaranta dungurungum. Akwai wanda ya karɓi kwangila yana neman ma'aikacin da ba zai biya ba. Akwai mai son ka taya shi shiga abin da ba nasa ba. Na biyar kuma shi ne wanda taimakon ma ba ya buƙata, kai ɗin yake farauta. Daga saƙon farko ba lalle ka iya bambance su ba, don dukansu da ladabi suke sallama. Matakan da ke tafe su ne za su tace maka.

Mataki na biyu: leƙa shafinsa

Wannan ba ya cin minti biyar. Yaushe aka buɗe shafin? Akwai wani aiki nasa da za a iya gani? Ya ambaci wani abu takamaimai da ka rubuta, ko saƙon irin wanda za a iya tura wa mutum ɗari ne ba a canza komai ba? Sabon shafi ba laifi ba ne, kowa da ranar da ya fara. Tsohon shafi mai mabiya da yawa kuma ba shaida ba ce, don ana gina irinsu da gangan. Kana dai tattara alamu ne, ba hukunci kake yankewa ba.

Mataki na uku: amsar farko tambaya ce

Nan ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Amsarka ta farko kada ta ƙunshi gyara ko kaɗan. Ka rubuta saƙo guda ka adana shi inda za ka riƙa kwafowa, ga irin nawa:

"Sannu da ƙoƙari. Ba na buɗe fayil ɗin da aka turo mini, amma zan duba matsalar in ka rubuto mini abu huɗu a nan. Me kake son manhajar ta yi? Me take yi a maimakon haka? Kwafo mini saƙon kuskuren gaba ɗayansa a rubuce, ba hoto ba. Me da me ka riga ka gwada? Sannan ka rage kod ɗin zuwa layukan da ke haifar da matsalar kaɗai, kada su wuce talatin, ka kuma gaya mini sigar harshen da kake amfani da ita da irin kwamfutar."

Kowace tambaya a nan da dalilinta.

Ta farko, me kake son manhajar ta yi, ita ce ke hana ku ɓata sa'a guda kan abin da ba shi ne matsalar ba. Sau da yawa mutum ba ya tambaya kan ainihin buƙatarsa, sai ya tambaya kan dabarar da ya riga ya zaɓa. Wani zai ce maka, "Yaya zan ciro haruffa uku na ƙarshen sunan fayil?" In ka ba shi amsa kai tsaye ka cuce shi, domin abin da yake nema shi ne ya gane nau'in fayil ɗin, kuma ba kowane ne ke ƙarewa da haruffa uku ba: .py biyu ne, .html huɗu ne. Da ka tambaye shi me zai yi da haruffan, da tuni ka nuna masa hanyar da harshen ya tanada don wannan aikin.

Saƙon kuskure kuwa, ka dage a kan a kwafo shi a rubuce. Hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya ba a iya kwafar komai daga cikinsa, ba a iya neman kalmominsa a intanet, kuma galibi an yanke wurin da ya fi amfani. A Python, alal misali, layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma su nuna fayil da lambar layin da abin ya faru. Mutum zai turo maka tsakiyar ya bar kai da ƙafa. Da zarar ka ga ModuleNotFoundError, ka san akwai yiwuwar ya saka kundin da yake buƙata, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, a wani muhallin Python daban da wanda yake kunna manhajar da shi, matsalar da ake warwarewa da jimla biyu.

Batun siga ma ba ado ba ne. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma har yau tsofaffin darussa suna nan a intanet, ɗan koyo ya kwafo print "sannu" babu baka-biyu, ya kunna a Python 3, ta watso masa SyntaxError. In ba ka san sigarsa ba, za ka yi ta laluben duhu.

Tambayar me ka gwada ita ce ke raba ɗan koyo da mai neman a yi masa. Wanda ya yi fama da matsalar yana da labarin bayarwa, ko da duk abin da ya gwada kuskure ne. Wanda bai taɓa komai ba sai ya ce, "Na gwada komai." A 'yan shekarun nan na ƙara wata tambayar a kai: wane ɓangare ka rubuta da hannunka, wanne kuma manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka? Ba don zargi nake yi ba. Wanda ya kwafo layi ɗari uku da bai fahimci ko ɗaya ba, matsalarsa ba kuskuren da ke layi na tamanin ba ce, kuma gyara masa wannan layin ba zai kai shi ko'ina ba.

Sai babbar cikinsu, rage kod ɗin. Ka koya masa yadda ake yi in bai sani ba: ya kwafi aikin zuwa wani wuri daban, ya riƙa cire ɓangare ɗaya yana sake kunnawa, in kuskuren yana nan ya ci gaba da cirewa, in ya ɓace ya mayar da abin da ya cire na ƙarshe. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne matsalar tsirararta. Mutane da yawa a tsakiyar wannan aikin suke gano maganin da kansu. Shi ya sa wasu masu sana'ar ke ajiye 'yar agwagwar roba a kan tebur suna yi mata bayanin kod layi bayan layi: bayyana matsala dalla-dalla ga wani, ko da wanda ba ya ji ne, yakan fito da inda aka yi tuntuɓe.

Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa turo mini saƙo kan wani shafi da ya ƙi adana abin da aka cike a fom. Na aika mata da tambayoyin nan huɗu. Kwana biyu shiru, har na ɗauka ta yi fushi. Rana ta uku sai ga saƙonta: "Malam, na gode. Ina cikin rage layukan na ga sunan akwatin da ke fom ɗin daban yake da wanda nake karantawa a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, harafi ɗaya ne ya bambanta su." Ban duba layi ko ɗaya ba, ita kuwa ta tafi da dabarar da za ta yi mata amfani muddin tana wannan aiki.

Da yawa ba za su sake amsawa ba bayan wannan saƙon. Kada abin ya dame ka. Wanda ba zai iya ba da minti ashirin ga matsalar kansa ba, bai kamata ya nemi sa'o'i biyu daga gare ka ba.

Mataki na huɗu: a fita fili

In ya dawo da amsoshi masu kyau, ka nemi ya kai tambayar inda kowa zai gani. In kan wata manhaja taka ce da ke GitHub, ya buɗe rahoton matsala a can. In ta gama-gari ce, akwai Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008 domin irin wannan buƙata, akwai kuma wuraren tambaya da kusan kowane babban harshe ko kundi ke da su. Ka ce masa ya turo maka mahaɗin, za ka amsa a can.

Amsar da ka bayar a ɓoye mutum ɗaya ta amfana, gobe wani ya zo da irin tambayar ka sake rubutawa daga farko. Wadda ka bayar a fili tana nan ga duk wanda ya nema. Ga shi kuma in ka yi kuskure akwai mai gyara maka, in ba ka da lokaci akwai mai tarar nauyin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ya wallafa, ka tuna masa ya cire duk wani sirri daga kod ɗin: kalmar sirri ta rumbun bayanai, mabuɗin API da manhajarsa ke shiga wata manhajar da shi, abin da ke cikin fayil ɗin .env inda ake ajiye irin waɗannan sirrikan, sunaye da lambobin wayar abokan cinikinsa. In ka lura ya riga ya ɗora mabuɗi a fili, ka gaya masa gogewa ba ta wadatar ba, don Git, tsarin da GitHub ke aiki da shi, yana riƙe da tarihin duk abin da aka taɓa adanawa. Sai ya soke mabuɗin ya ƙirƙiri sabo.

Wuri ɗaya ne wannan shawarar ta fita fili ba ta aiki. In baƙon ya zo ne ya gaya maka ya gano wata ɓaraka ta tsaro a manhajarka, wannan magana ce ta sirri har sai an toshe ta. Ka gode masa, ka nemi cikakken bayani a rubuce, kada ka ce ya wallafa.

Mataki na biyar: in dole sai ka kunna kod ɗin

Mafi yawan matsaloli da ido ake gano su daga layuka talatin ɗin nan, ba sai an kunna komai ba. Amma wani lokaci sai an gwada. A nan ne nake son ka buɗe kunne sosai, domin kunna kod ɗin wani daidai yake da ba shi kujerarka ya zauna a gaban kwamfutarka, da duk mabuɗai da kalmomin sirri da ke cikinta.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A Janairun 2021 sashen Google mai bin diddigin barazanar kutse ya bayyana wani shiri da ya danganta da Koriya ta Arewa, inda aka gina shafukan bogi a Twitter da LinkedIn, aka ƙulla hira da masu binciken tsaro, sannan aka ce musu a haɗa hannu a yi aiki tare. Sai a turo musu aikin Visual Studio, manhajar da ake rubuta kod a cikinta, da aka ɓoye umarni a cikinsa, wanda ke tashi da zarar an harhaɗa aikin. Waɗanda aka yi wa tarkon ƙwararru ne a harkar tsaro. A ƙarshen 2023 kuma masu bincike na Palo Alto Networks suka bayyana wani salon, inda ake zuwa da sunan masu ɗaukar ma'aikata, a ce wa mai rubuta manhaja ya sauke wani aiki ya kunna a matsayin jarrabawar neman aiki, alhali mugun kod ne a ciki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba sai ka kunna manhajar da kanta ba. Umarnin npm install, wanda ake saka kundayen JavaScript da shi, shi kaɗai yana iya tayar da kod, domin kundi na iya ɗauke da umarnin da ke gudana lokacin saka shi. Haka pip, takwaransa na Python, yake in kundin yana da fayil ɗin setup.py. Haka Makefile, fayil ɗin da ke jera umarnin harhaɗa aiki. Saboda haka ga yadda za ka yi.

Ka fara karanta fayilolin a matsayin rubutu zalla, ko a shafin GitHub ɗin kansa ba tare da ka sauke ba. Ka duba package.json, musamman wurin da aka jera umarnin da ke gudana da kansu, ka duba sunayen kundayen da aikin ya dogara da su, ko akwai wanda ya yi kama da sananne amma harafi ɗaya ya bambanta. Ka lura da layi mai tsawon gaske na haruffa marasa ma'ana, ko kod ɗin da aka tura can gefen dama bayan dogon fili don kada ido ya kai. In ka buɗe a Visual Studio Code ya tambaye ka ko ka amince da masu wannan aikin, ka ce a'a, ya buɗe shi a taƙaitaccen yanayi.

In za ka kunna, ka yi a cikin kwamfutar gwaji, wato ta kwaikwayo da ke aiki a keɓe cikin taka, da ka gina da VirtualBox ko makamancinsa, wadda babu asusunka ko ɗaya a ciki, babu mabuɗin SSH da ake shiga saba daga nesa da shi, babu wata jakar fayil da ta haɗa ta da ainihin kwamfutarka. Ka ƙara --ignore-scripts a kan npm install. In ka gama ka goge ta. Docker, wanda shi ma ke killace kod a wuri guda, ya fi babu, amma muddin ka haɗa masa babbar jakarka ta gida ka rushe katangar da hannunka. Kwamfutar wurin aikinka kuwa, wadda ke da hanyar shiga sabar kamfani, kada kod ɗin baƙo ya taɓa ta ko da wasa.

Abu biyu kuma ka ƙi su kai tsaye. Kada ka bar kowa ya shiga kwamfutarka daga nesa da AnyDesk ko TeamViewer wai don ya nuna maka matsalar. Kada kuma ka karɓi kalmar sirrin sabarsa, ko da shi ya miƙo da kansa yana roƙo. Ranar da wani abu ya lalace a can, ko bayanai suka ɓace, sunanka ne na ƙarshe a rajistar waɗanda suka shiga, kuma ba ka ma da tabbacin sabar tasa ce.

Mataki na shida: yanke iyaka tun kafin ka fara

Ka sa wa kanka lokaci, ka kuma faɗa masa: "Ina da minti ashirin, zan nuna maka inda matsalar take, gyaran naka ne." Ka nuna layin, ka faɗi dalilin da ya sa yake karyewa, ka ba shi sunan abin da zai je ya karanta. Kada ka sake rubuta masa fayil ɗin. In aikin makaranta ne, ka yi bayanin dabarar da wani misali daban da nasa, shi ya mayar da ita kan aikinsa. Wanda aka yi wa aikin yau, ranar jarrabawa ko ranar da ya kama aiki shi kaɗai zai zauna.

Na koyi wannan ne da tsada. Wani matashi ya taɓa neman in duba masa shafin shiga da kalmar sirri, na gyara masa a dare ɗaya. Washegari ya dawo da batun aika imel, bayan kwana biyu batun rahoto, kowanne yana cewa wannan ne na ƙarshe. Sai da aka yi mako uku ya turo mini, bisa kuskure ina jin, saƙon wanda ya ba shi aikin yana tambayar yaushe za a kammala tunda an biya rabi. A ranar na zauna na lissafa, na ga fiye da rabin manhajar ni na rubuta. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin ba, sai don bai taɓa gaya mini gaskiyar abin da muke yi ba. Tun daga nan, in mutum ya dawo karo na uku, nakan tambaye shi kai tsaye: wannan aikin na wane ne, kuma ana biyan ka?

Mataki na bakwai: in aiki ne, a kira shi aiki

Babu kunya a cewa, "Wannan ya wuce tambaya, aiki ne, kuma ina yin irinsa da lada." Ku rubuta abin da za a yi da abin da ba ya ciki, da ranar gamawa, a biya wani kaso kafin a fara. Wanda ya ce ba shi da kuɗi amma zai ba ka kaso in kamfanin ya bunƙasa, ka auna maganar kamar yadda za ka auna kowace harkar kasuwanci da mutumin da ba ka sani ba.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja su suka fi shan wannan. Lasisin MIT da ire-irensa sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa an ba da manhajar yadda take, babu wani garanti. Duk da haka, bayan ɓarakar tsaro ta wani kundi mai suna Log4j da ta tashi hankalin duniya a Disambar 2021, wani babban kamfani ya aika wa Stenberg da jerin tambayoyi yana neman amsa cikin sa'o'i 24, alhali babu wata yarjejeniya tsakaninsu, kuma curl ba ta ma amfani da Log4j. Amsar da ya ba su ita ce zai amsa da zarar sun sa hannu a kwangilar tallafi. Ladabi bai ragu ba, iyaka kuma ta fito fili.

Mataki na takwas: a'a, da abin da ke biyo bayanta

Wani lokaci ba ka da lokaci, ko ba fanninka ba ne, ko dai ranka bai kwanta ba. Jimla biyu sun isa: "Ba zan iya ɗaukar wannan ba. Gwada tambaya a wuri kaza." Kada ka jero uzurori, domin kowane uzuri ƙofa ce ta ciniki, ka ce kana da aiki wannan makon, ya ce to mako mai zuwa fa. Rashin amsawa ma halal ne, ba bashi ka ci ba.

Mai neman ka shigar masa Facebook ɗin wani, ko ka karanto masa saƙonnin WhatsApp na matarsa, ko ka rubuta masa shafin da ya yi kama da na banki, wannan babu tattaunawa, komai tausayin labarin da ya zo da shi. Shiga asusun wani ba da izini ba laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, kuma wanda ya rubuta kod ɗin yana ciki. In ya ce asusunsa ne aka ƙwace, ka nuna masa hanyar dawo da asusu da kamfanin ya tanada. In ya koma zagi ko barazana, ka adana hoton saƙonnin, ka kai rahoto, ka toshe shi.

Ga wanda ke riƙe da wata manhaja da jama'a ke amfani da ita, akwai wani nau'in matsin lamba da ya kamata ya sani. Lasse Collin ya shafe shekaru yana kula da xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, shi kaɗai kuma ba da albashi ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare a 2021. A 2022 wasu asusun suka riƙa ƙorafi cewa aiki ba ya sauri, a ba wani dama. Sannu a hankali Jia Tan ya sami ikon fitar da sabuwar siga, kuma a siga ta 5.6.0 da ta 5.6.1 aka dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano ta ya sanar a 29 ga Maris 2024, bayan ya lura shiga ta SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan gajiyar mutum ɗaya ce da baƙi suka yi ta dannawa. In ka ga ƙorafi ya yi yawa har kana jin ka miƙa mabuɗin ga duk wanda ya miƙo hannu don ka huta, ka dakata, ka sanar cewa ka tafi hutu, ka bar saƙonnin su jira.

Mataki na tara: rage saƙon gobe

Ka rubuta layi biyu a shafinka da cikin fayil ɗin README, wato bayanin da ake fara gani, na ayyukanka: inda ake kai tambaya, abin da za a haɗo da shi, cewa ba ka buɗe fayil daga wanda ba ka sani ba, da yadda za a same ka in aikin biya ne. In tambaya ɗaya ta zo maka sau uku, ka rubuta amsarta sau ɗaya a fili ka riƙa tura mahaɗin.

In kuma wanda ka taimaka ya dawo ya ce ta yi aiki, kada ku rabu a kan godiya kawai. Ka roƙe shi ya koma inda ya yi tambayar ya rubuta ainihin abin da ya gyara, da layin da ya canza da sigar da yake kai, ba "na warware" kaɗai ba, sannan ya rufe rahoton.